Wutsiya ta Takwas

Ranar Ƙaramar Sallah, bayan azahar, aka kira Sufeto Longji zuwa wani gidan Hausawa a Hyattsville, a Amurka. Yarinya 'yar shekara tara, Umaima, ta ci masa, maƙogwaronta ya toshe. Allurar gaggawa ba ta yi aiki ba. Ta cika kafin a kai asibiti. Longji haifaffen Jos ne, yana jin Hausa, shi ya sa aka tura shi.

Kowa a gidan ya san jikin yarinyar ba ya karɓar naman teku. Duk da haka uban, Dakta Zulkifilu, ya sa matarsa Furera ta gasa wutsiyoyin lobsta, wato babban jatan landen teku, don abokan aikinsa su ga ya waye. Burga ce kawai.

"Sakacinta ne," in ji Dakta, yana nuna matarsa. "Ta haɗa cokali."

"Guda nawa kika saya?" Longji ya tambayi Furera.

"Takwas, Yallaɓai. Na tsaga bayansu da almakashi, na shafa man shanu da tafarnuwa, na sa a oben. Masar Umaima tun da safe na soya, na rufe ta daban."

"Wa ya shiga kicin bayan ke?"

Dakta ya riga ta amsawa. "Babu kowa. Mahaifiyata baƙuwa ce, wata biyu da zuwanta daga Kano. Tana ɗaki tana lazimi."

Longji ya sa safar hannu ya zazzage kwandon shara. Ɓawo bakwai ya ƙirga. A gefen farantin yarinyar akwai ragowar yaji. Ya sa a leda.

Ya sauka ɗakin ƙasa, wajen Hamissou, direban gidan, ɗan Maraɗi mai ce wa manya "Mushe" irin na Faransanci.

"Ka ji wani abu yau?"

"Daka, Mushe. Wajen sha ɗaya. Har na ce da mai ɗakina, yau Sallah ta yi kama da ta gida."

Longji ya koma sama. "Malama Furera, da me kike niƙa yaji?"

"Da inji. Turmin Hajiya ne, ba ta bari a taɓa."

A ƙarƙashin gadon Hajiya Hannatu, mahaifiyar Dakta, ya sami ƙaramin turmi, an wanke shi, bai bushe ba. A tsagar gindinsa wani jan ɓawo ya maƙale.

"Hajiya, ina wutsiya ta takwas?"

Tsohuwar ta ajiye carbi. "Ɗana, ni na haifi tara. Babu wanda ya taɓa ce mini cikinsa ba ya son abinci. Nan kuwa kullum kar a ba Umaima wannan, kar a ba ta wancan. Na ce da kaɗan-kaɗan ake saba wa ciki."

"Sai kika yi me?"

"Na daka ta cikin yaji. Na ba ta da hannuna. Ta ce, 'Kaka, akwai daɗi.'" Muryarta ta karye. "So nake na nuna wa uwarta ba komai."

Furera ta juya ga mijinta. "Baban Umaima, ka sani?"

Dakta ya sunkuyar da kai. Ya ji dakan, kuma da yarinyar ta faɗi, shi ya tura turmin ƙarƙashin gado. Likita ne, ya san abin da ya kashe 'yarsa, amma ya nuna matarsa.

"Uwata ce," ya ce.

"Ni kuma uwar wa ce?"

Longji ya kira 'yar sanda ta riƙe hannun Hajiya, ya bari ta yafa mayafinta. Ɗan kuwa ankwa ya sa masa.

A teburin falo wutsiyoyi bakwai ɗin da aka ɓare suna nan jere a faranti, man ya daskare a kansu. Baƙin da aka yi gashin dominsu sun watse tun da suka ji jiniya. Furera ta ɗauki farantin ta juye a shara.