Muryar Ƙasa

"Tsaya! Ku tsaya!"

Baba ya ɗaga hannu, kiɗa ya mutu a tsakiyar baiti. Kanari ta janye bakinta daga makirufo tana haki, ranta a ɓace, don a daidai wurin da take ji da shi aka katse ta. Garejin gidansu ne mahaifinta ya mayar ɗakin gwaji na ƙungiyar kiɗansa, ya lulluɓe bangon da kwalayen ƙwai saboda ƙorafin maƙwabta. Yanzu ɗakin ya yi tsit, sai kukan fanka.

Baba ko kallonta bai yi ba. Sai ya tsura wa Mai jita ido.

"Kai, wace murya na ba ka?"

"Ta ƙasa, Maigida."

"To me ya kai ka sama? Na ce ita ta hau, kai ka tallafe ta daga ƙasa. Yanzu duk inda ta lanƙwasa sai ka lanƙwasa. Murya biyu nake nema, guda nake ji, ita ma ta yi kauri kamar ta mai mura!"

Mai fiyano ya rufe baki yana dariya ƙasa-ƙasa. Ya daɗe yana son Kanari, ita kuwa ko gaisuwarsa da kai take amsawa.

Baba ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Tun yaushe kuke son juna?"

Mai jita ya sunkuyar da kai. Kanari kuwa ko gezau. Yarinyar nan tun tana ƙarama ba ta san sunkuyar da kai ba, muryarta ce ma ta ja mata laƙabin, kuma ta san da haka sarai.

"Wa ya faɗa maka, Baba?"

"Kunnena. Da can yaron nan yana tsayawa a wurinsa kamar ginshiƙi. Kwanan nan ya koma inuwarki."

"To gaskiya ne. Ina son sa, kuma shi zan aura."

"Ba da yawuna ba."

"Baba!"

"Ba talaucinsa na gani ba, ba kuma halinsa ba, yaron kirki ne. Amma na san abin da na haifa. Wanda ya kasa riƙe muryarsa kusa da ke a baiti ɗaya, ta ina zai riƙe gida da ke? Haɗiye shi za ki yi, bayan kin haɗiye ki raina shi. An tashi."

Da la'asar Kanari ta sami Mai jita a bayan gida, zaune a kan tsohuwar lasifika yana sauya wayar jita da ta tsinke. Ta tsaya a kansa ta riƙe ƙugu.

"Masoyi, wai me ya sa kake bi na sama?"

"Ban ma san ina yi ba, Kanarina. In kika buɗe baki sai in manta da kaina..."

Daɗi ya ratsa ta, amma ta dake.

"Shi ke nan?"

Ya sosa ƙeya. "Mai fiyano ma ya ba ni shawara. Ya ce mace irinki ba a ce mata a'a, ko a waƙa ko a zance. Wai ranar da na saɓa miki, ranar zan rasa ki."

"Munafuki! Shi ya sa ko baƙi na nuna na ce fari ne sai ka ce ai har yana ƙyalli?"

Ya gyaɗa kai, don haka ɗin ne.

Ta ja wata kujera ta zauna, ta matso kusa, idanunta na walƙiya.

"Saurara, na gama shirya komai. Mu bar ƙungiyar. Akwai masu wani otal da suka daɗe suna roƙona. Ni da kai kawai, murya da jita. In Baba ya ga garejin nan babu ni, da kansa zai neme mu."

"Shi kuma fa? Ya karɓi aikin kiɗa a babban zauren taro a ƙarshen wata, da muryarki ya yi alkawari."

"Ai shi ya sa zai sauko da wuri."

Mai jita ya ci gaba da murɗa wayar har ta yi tauri. Ya taɓa ta da yatsa, ya saurara. Sannan ya ɗago.

"A'a."

"Na'am?"

"Na ce a'a. Mutumin nan shi ya ɗora hannuna a kan jita. Ba zan kunyata shi a gaban jama'a don in sami 'yarsa ba. Ke ma ba za ki yafe wa kanki ba."

"Kai ne za ka faɗa mini abin da zan yafe wa kaina?"

"Yau dai ni ne."

"To in ka ƙi, ka rasa ni!"

Bai janye ba. "Ina son ki kamar raina. Amma a'a."

Ta miƙe har kujerar ta kife. Tunda take, ban da Baba ba wanda ya taɓa tsayar da ita haka. Ta shige gida ta banko ƙofa, ta yi kukan haushi har kanta ya yi ciwo. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ta san gaskiya ya faɗa.

Washegari ta shigo gwaji ta cika ta yi fam. Ba ta gaida Mai jita ba, shi ma bai matsa ba. Mai fiyano ya dubi wannan ya dubi wancan, bakinsa har kunne.

"Daga farko," in ji Baba.

Ta shiga waƙar da zafi, tana cilla muryarta sama kamar mai jifa. Ta san za ta ji Mai jita ya biyo ta kamar kullum, ta kuma shirya raina shi a kan haka.

Bai biyo ba.

Yana can ƙasa a wurinsa, ya kafe. Ta hau, ya tsaya. Ta lanƙwasa hagu, ya bi tasa hanyar. Mai fiyano ya lura, sai ya shiga danna karin muryarta da ƙarfi, yana cusa wa yaron a kunne don ya zame. Mai jita ya rufe ido, jijiyar wuyansa ta tashi, bai gusa ba.

A nan Kanari ta ji abin da ta daɗe ba ta ji ba. Tsakanin muryarta da tasa wani sauti ya buɗe, wanda ba nata ba ne, ba kuma nasa ba, mai faɗi da ɗumi, har gilashin taga yana amsawa. Da suka iso dogon wurin da numfashinta ke yawan yankewa, sai ta ji ƙasa a ƙarƙashinta. Ta jingina a kan muryarsa ta ja numfashi ba tare da waƙar ta faɗi ba. Daga nan ta rage ƙarfi don ta ji shi sosai. Ita da ba ta taɓa rage murya don kowa ba!

Suka sauka tare. Hawaye na bin kumatunta, ba ta damu ta share ba.

Baba ya juya wajen Mai fiyano.

"Kai kuma, tun yaushe hannunka na dama ya yi nauyi haka? In ka sake yi mini wannan a ɗakina, ka nemi wata ƙungiyar."

Mai fiyano ya yi tsamo-tsamo. Baba ya juyo wajen Kanari da Mai jita.

"Ku biyun nan, faɗa kuka yi?"

"Eh, Baba," in ji Kanari.

"Wa ya yi nasara?"

Ta harari Mai jita. "Shi. Amma wannan karon kawai."

"A kan me?"

"Na ce mu gudu mu bar ka da aikin babban zaure. Ya ƙi."

Ta faɗa kai tsaye, don ɓoye-ɓoye ba halinta ba ne. Fuskar Baba ta sauya. Maganar ta soke shi, kowa ya gani.

"Ka yafe mini, Baba," ta ce, muryarta a ƙasa. "Haushi ne ya ɗebe ni."

Ya dube ta, ya dubi yaron da ke rungume da jita kamar za a ƙwace masa.

"Ka san za ta iya barin ka a kan wannan?"

"Na sani, Maigida."

"Ka kuma ƙi?"

"Na ƙi."

Baba ya sauke ajiyar zuciya, ya gyara zaman tabarau.

"Ka gaya wa manyanka ina son ganin su. Daga yau kuma ka daina ce mini Maigida."

Kanari ta yi ihu ta rungume mahaifinta har makirufo ya faɗi, lasifika ta ɗauki ƙara, kowa ya toshe kunne. Da ta sake shi, ta juyo wajen Mai jita tana dariya tana kuka.

"Kar ka ɗauka na huce, Masoyi. Har yanzu ina jin haushinka."

"Na sani, Kanarina. Na ji shi a baiti na biyu."

"Ya ɓata waƙar?"

"Ko kaɗan. Ba ki taɓa yin mai daɗinta ba."