Ƙunshi na Goma Sha Biyu

Masu yawo da zancen cewa Nu'umanu wani abu ya sha a ranar, maƙaryata ne, kuma sun san kansu. Mutumin da ko goro ba ya ci! Ku zauna ku ji yadda aka yi.

Nu'umanu mai gyaran waya ne a Tambuwal, amma ɗan Fakku ne. Ba wanda ya koya masa sana'a, kwance na'ura yake ya mayar har ya gane kanta. Shi ya kai wa unguwarsu intanet: eriya a ƙololuwar tsohuwar tsamiyar da ke bayan gidaje tana kamo sabis daga Kebbe, akwatin ƙarfe a gindinta da batir da na'urar da ke raba wa wayoyin mutane.

Ranar da ya kafa ta, ya tsaya yana yi wa jama'a bayani, yana hura hanci. Kowace waya da adireshinta. Na'ura biyu ba sa magana sai ɗaya ta yi sallama, ɗayar ta amsa, ta farkon ta ce na ji. Sannan a yayyanka saƙo ƙunshi-ƙunshi, kowanne da lambarsa. Wanda ya iso, a ce ya iso. Wanda ba a amsa ba, a yi ta sake aiko shi har mai aikowa ya gaji.

Mahaifinsa, Malam Abdulganiyyu, yana dogare da sanda yana kallon ƙusoshin da aka buga wa icen. Nu'umanu ɗan fari ne, don haka tsohon bai taɓa kama sunansa ba.

"Kai wanga, ka yi ma masu wurin sallama kafin ka buga ƙusa?"

"Baba, wanga aikin ilimi na, ba na allo ba."

"To. Ashe injin naka ya fi ka ladabi."

Aka kwashe da dariya. Kafin ya hau babur, Nu'umanu ya buɗe kwamfutarsa ya jefa adireshin wayar tsohon cikin jerin waɗanda aka hana shiga. Nufinsa kwana biyu. Sai ya manta. Wallahi mantawa ya yi, kuma wannan ya fi muni.

Bayan mako uku tsohon ya rasu. A zaman makoki ƙanwarsa Raihanatu ta ce, "Yaya, kwana uku Baba na son aiko maka da murya, ta ƙi tafiya. Ya ce kada a kira ka, ba ka ɗauka." Ta nuna masa wayar. Batirinta ya kumbura an cire, ta mutu murus.

Ya sunkuyar da kai. Ya ɓoye mata abin da ya yi.

Daga nan mutanen unguwa suka fara kiransa: kullum rana ta faɗi, intanet ya tsaya cik. Ya yi ta kawo uzuri. Da ƙorafi ya yi yawa, wata Alhamis ya ɗaura jaka a babur ya tafi.

Ya isa gindin tsamiyar rana ta yi ja. Shanu na komawa gida. Warin kashin jemage da tsamin 'ya'yan ice da suka ruɓe a ƙasa. Ya tsuguna, ya buɗe akwatin, ya jona kwamfutarsa da igiya.

Batir lafiya. Eriya lafiya.

Can nesa ladani ya ɗaga murya. Sai layuka suka fara zubowa a fuskar kwamfutar, da sauri kamar ruwan indararo. Adireshi ɗaya ne ke sallama. Ana korar sa. Ya sake. Ana korar sa. Ya cika hanya har ba mai iya wucewa.

Ya san lambar nan, ta wayar tsohon ce. Shi ya rubuta ta da hannunsa.

Jemagu suka yi tsit. Warin ya ɗauke, ƙamshin turaren almiski ya sauko, irin wanda tsohon ke shafawa ranar Juma'a.

Daga sama, cikin ganye, aka yi raɗa.

"Mun gaji da riƙon ajiya."

Bai ɗaga kai ba. Ko a'uzu ta ƙi fita.

"Sallama aka yi maka. Amsa."

Ya cire adireshin daga jerin. Na'ura ta amsa. Aka ce an ji. Ƙunshi goma sha biyu ne.

Na ɗaya ya iso. Tari.

Reshe ya yi ƙara a can sama.

Na biyu. Na uku.

"Nu'umanu."

Sunansa, a muryar ubansa. Bai taɓa ji ba tun da aka haife shi.

Na shida. Ƙarar ta sauko reshe na ƙasa. Ɓawon ice na zubo masa a wuya.

"Abin da ya faru tsakaninmu gaban mutane..."

Na tara. Wani abu ya dira a bayansa, ba nauyi, sai sanyi.

Na goma.

Numfashi a ƙeyarsa.

Na goma sha ɗaya.

"...ina son ka sani, ni dai na..."

Hannu ya sauka a kafaɗarsa. Yatsun sun kai har gwiwar hannunsa.

Ya zabura. Igiyar ta fizge. Ya bar babur, ya bar takalmi, bai tsaya ba sai a sahun masallaci, ya faɗi tsakanin ƙafafun mutane.

Ƙunshi ɗaya ya rage. Ɗaya tak.

Tun daga ranar intanet ɗin unguwar bai ƙara tsayawa ba, kuma adireshin bai ƙara sallama ba. Mai aikowa ya gaji. Nu'umanu ya gaya wa Raihanatu gaskiya, ta dube shi kawai, ta ci gaba da tankaɗe. Duk Alhamis yana zuwa, ya cire takalmi, ya yi wa tsamiyar sallama, ya jona igiya ya jira har a idar da magariba. Ko "na yafe" ne ƙarshen maganar, ko wani abu dabam, bai sani ba.

Kai kuma da kake taɓe baki kana cewa ai kai da ka tsaya, ɗauko wayarka. Duba jerin waɗanda ka toshe, da kiran da ka bari ya yi ta ƙara har ya mutu. Ka ce mini babu wanda ya haife ka ko ya goya ka a ciki. Ka ce mana, ina jin ka.