Bulon Ɓawon Gyaɗa

Da Sufeto Halliru ya san inda sawun amalanken nan zai kai shi, da ya bar wa wani binciken.

Cikin bazarar 1993 magini Ɗanmaliki ya shigo ofishin 'yan sanda na Ƙaraye a firgice. An kwashe masa bulo a Gwangwan, inda yake gina wa mutanen gari ɗakin ajiye magani.

"Ba irin wanda ka sani ba ne, ranka ya daɗe. Siminti ne aka kwaɓa da ɓawon gyaɗa. Ba shi da nauyi, zafi kuma ba ya ratsa shi. Ba mu da lantarki, in babu shi, magani lalacewa zai yi."

A wurin ginin Sufeto ya tsare maigadi Ilu.

"Wa ka gani?"

"Barci ne ya sace ni, yallaɓai."

"Da azahar?"

Ilu ya sunkuyar da kai.

Kofur Shitu ya nuna sawun amalanken shanu. "Bai nutse ba. Kamar babu kaya."

"Akwai kaya," in ji Sufeto. "Kayan ne babu nauyi."

Sawun ya kai su ƙofar Ɗantala mai amalanke.

"Kara na ɗauko jiya," in ji shi.

Sufeto ya shafo cikin amalanken, ya nuna masa tafin hannu. "Karan naka da siminti yake tsirowa?"

"Rogo Sabon Gari na kai. Don girman Allah, yallaɓai, kada ka sa in ƙara a kan haka."

Nan gaban Sufeto ya faɗi. Mutanen nan ba tsoronsa suke ji ba, nauyinsa suke ji. A Rogo Sabon Gari ɗansa na fari yake zaune, wanda saboda kunyar ɗan fari bai taɓa kiran sunansa ba tun ranar suna.

"Yallaɓai, ko mu koma ofis?" in ji Kofur.

"A'a. Mu je Rogo Sabon Gari."

Surukarsa Lauratu ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi masa shimfiɗa a wani sabon ɗaki. Rana na ƙuna a waje, ciki kuwa sanyi kamar gindin randa. Jikansa na barci a kan tabarma.

Lauratu ta ce, "Mun samu sauƙi, Baba. A wancan ɗakin ƙurajen zafi duk sun cinye masa wuya."

Sufeto ya kankari bango da makullin babur. Ɓawon gyaɗa ya zubo.

Ɗansa ya shigo, ya tsuguna.

"Kai, ina ka samo bulon nan?"

"Saya na yi."

"Wurin wa?"

Ɗan ya ce, "Ni na kwaso, Baba. Kukan yaron ne ya ishe ni. Na san babu wanda zai iya gaya maka."

Wannan maganar ta fi satar yi wa Sufeto ciwo.

Kofur ya matso a hankali. "Yallaɓai, bari ni in faɗa masa an kama shi."

"A'a."

Sufeto ya miƙe, idonsa a ƙasa.

"Ƙasimu Halliru, na kama ka."

Lauratu ta rufe fuska da mayafi. Kofur ya tasa Ƙasimu gaba, maƙwabta suka dare ba wanda ya ɗaga kai.

Ko za a rushe ɗakin a mayar da bulon Gwangwan, ko a bar wa jaririn, har suka isa Ƙaraye babu wanda ya sani, har shi Sufeton.