Wanda Ya Amsa Saƙon Ɗakin Sanyi

Kifin Iya duk ya ruɓe, ɗakin sanyi sai ɗoyi yake yi. Jikin injin da ke sanyaya ɗakin akwai ɗan akwati mai layin waya, wanda in sanyi ya ragu shi da kansa yake tura saƙo ga na'urar kamfanin da ya kafa injin, a aiko mai gyara. Wannan karon ko kare bai leƙo ba, ita kuwa ta rantse sai kamfanin ya ɗauki asararta.

Da dare tana kwasar ruɓaɓɓen kifin, ta toshe hanci da mayafi, sai ga wani dogo da jakar aiki.

"Sai yanzu, ɗan banza? Zo ka shaƙi aikinku!"

Ya shaƙa kuwa, har da lumshe ido. Ƙudajen ɗakin duk suka yi tsit. Ya dumbuzo tsutsotsi ya kai baki, yana tsotsar yatsu.

"Tir da ƙazanta! Wa ya ɗauke ka aiki?"

"Iya, layin wa kika sa a akwatin nan?"

"Nasu ya daina aiki, na sa na marigayi maigidana."

"To, wurinmu saƙon ya zo," in ji shi, leɓensa ko motsi bai yi ba.