Kaset Ɗin Ungozoma

Garinmu Ashotla, can saman duwatsun Puebla, ba gari ne mai ƙaunar ɗan sanda ba. Ni kaina in na hango kaki sai in sauya hanya. To, ran da motar Sufeto Hilario Mendiola ta tsaya ƙofar ɗakin adana tarihi, jama'a ta cika wurin maƙil, kowa fuska a murtuke.

Tun muna 'yan mata wasu malaman jami'a suka bi gida-gida da na'ura suna ɗaukar maganar tsofaffi cikin yarenmu na Nahuatl. Daga baya suka maido kaset-kaset ɗin, aka damƙa wa Fermin Tecol ajiya. Ana jiran su dawo su zuba su a intanet ke nan, ɗaya ya yi ɓatan dabo, ga shi ba shi da kwafi.

"Fermin ne ya sayar wa Turawa!" wani ya yi ihu. "Ku miƙo mana shi!"

Sufeto ya ratsa su ya shiga. Fermin na rakuɓe bayan tebur, leɓe a fashe.

"Kaset ɗin wa?"

"Na marigayiya Eulalia ungozoma, Yallaɓai. Addu'o'in da take yi in za ta binne cibiyar jariri."

"Wa ke da makulli?"

"Ni kaɗai. Na rantse da Budurwa Maryamu."

Ba a ɓalle ƙofa ba, ba a taɓa na'ura ba. Sufeto ya tsuguna bakin ƙofa, ya shafi ƙasa, ya sansana. Barasar rake ce, ga tokar turare a gefe.

A wurinmu ko itace za ka sara a daji sai ka ɗiga wa ƙasa barasa ka nemi izini. Sufeto yana nuna kamar ba ya jin yarenmu, amma uwarsa 'yar duwatsun nan ce, ya san wannan sarai.

"Mai sata don ya sayar ba ya neman izini," in ji shi. "Ko ka faɗi wanda ka ba makulli, ko in buɗe wa mutanen nan ƙofa."

Fermin ya fashe da kuka. "Uwar baftismar ɗana ce! Da wane baki zan kira sunanta?"

"Da wanda suka fasa maka."

"Crispina. Na bar mata makullin jiya, ran kasuwa."

Crispina kuwa 'yar Eulalia ce. Sufeto ya same ta a tsakar gida tana niƙan masara, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Ɗan birni, burodi ya ishe ka ne ka zo leƙen tukunyarmu?"

"Inna, ina kika je jiya?"

"Ba ni na haife ka ba. Ina zan je da wannan gwiwar? Ko ƙofar gida ban taka ba."

Idonsa ya kai kan fartanya a jingine da bango, jar laka duk ta manne mata. Jar laka kuwa a garinmu sai maƙabarta.

"Tashi mu je mu gai da mahaifiyarki."

Suka tafi, gari na biye ana zagin sa ƙasa-ƙasa. Tsohon kabari, amma ƙasar wajen kai sabuwa ce. Sufeto ya ɗaga fartanya, sai Crispina ta sha gabansa, babu ko alamar ciwon gwiwa.

"Ka taɓa nan, hannunka ya shanye! I, ni na ɗauka! Mun binne ta da zanenta da almakashinta, komai nata, don kada ta dawo nema. Muryarta fa? Suka kulle ta a akwati! Kullum sai ta zo mini a mafarki, baki na motsi ba magana. Yanzu kuma za su watsa ta duniya, kowane mashayi ya kunna!"

"Shi ya sa kika yi shiru ana dukan Fermin?" in ji Sufeto.

Nan kam ta sunkuyar da kai.

Sufeto ya haƙa ya ciro kaset a naɗe cikin ganyen ayaba, ruwan sama duk ya ratsa shi. Aka koma ɗakin tarihi, Fermin ya goge shi, ya kunna. Shuuu, sai ƙara kamar iska a gonar masara. Ya juya ɗaya gefen, haka.

"Kin kashe abin da ba zai dawo ba," in ji Fermin. "Na duk garin nan ne!"

"Uwata ce, ba uwar gari ba." Ta juya wajen Sufeto. "Ka ji wani abu a ciki?"

"Ko kalma."

"To muryarta ta isa gida ke nan."

Ya zaro ankwa, ta yi tsaki, ta gyara mayafinta, ta riga shi zuwa mota.