Cekin da Kawu Zuberu Ya Sa Wa Hannu

Ku yi mini afuwa. Ni ba marubuciya ba ce, karatu kawai na iya. Da akwai babba a gidanmu da zai faɗi wannan magana, da ban taɓa alƙalami ba. Amma manyan sun ƙare, saura wanda ya ƙarar da su.

Sunana Munawara. Kawu Zuberu ƙanen mahaifiyata ne, yana fataucin shanu daga Bawku zuwa kudu, mahauta su biya shi da cek. Ga wanda bai sani ba, cek umarni ne mai ajiya yake ba bankinsa: ku ba wane kaza daga cikin asusuna. Ka kai naka bankin, a yi 'yan kwanaki ana tambayar wancan. In akwai kuɗi a biya ka, in babu a dawo maka da takardarka. Aka dawo wa Kawu da tasa, ta shanu mota guda. 'Yan kara, kasuwar shanu, suka yi masa dariya, daga ranar zuciyarsa ta ruɓe.

Asusun da yake aiki da shi ma na Mma Abibata ne, mahaifiyata, da ribar hatsi ta buɗe. Tausayi ya sa ta ƙara sunansa, aka rubuta cewa sa hannun kowanne a cikinsu ya wadatar.

Abin da ya faru a Salaga daga bakinsa na ji, don yanzu in abin ya motsa masa a tsakar gida yake zama yana faɗa. Da rana tsaka ya isa wurin wani boka, bayan gari, wajen tsofaffin rijiyoyi. Bukka ce ba taga. Tukwane a kife, gashin kaji manne da busasshen jini, farin wuri a zube, ga wata ƙwarya da ƙudaje suka ƙi sauka a kanta. Bokan bai amsa sallama ba.

"So nake duk cekin da na rubuta a biya shi," in ji Kawu, "ko da asusun ba ko sisi."

"Mai sauƙi. Yago mini takarda ɗaya ka sa hannu. Kada ka rubuta suna, ko adadi, ko rana."

"Haba Baba! Ko yaron kanti ya san ba a yin haka."

"To ga hanya. Koma su ƙarasa dariyar."

Kawu ya ce, "Me za a cira?"

"Abin da ke cikin asusun. Sunan wa ke kai?"

"Ni da yayata."

"Sun yi kaɗan. Ƙara."

Kawu ya gane. Wallahi ya gane! Mutumin da ya tsufa a ciniki ya san ba a cire kuɗi sai daga inda aka ajiye. Ya tsoma alƙalami a ƙwaryar nan ya sa hannu. Bokan ya naɗe takardar, ya jefa ta cikin rijiya.

Yana dawowa ya kai matarsa Atikatu da ɗansa Faruq banki ya sa sunayensu a asusun, wai don kada a raba kan iyali. Mma har addu'a ta yi masa.

Dukiya ta zo kamar ambaliya. Cekinsa bai sake dawowa ba. Ya sayi manyan motoci, ya gina gidan mai a Yendi, waɗanda suka yi masa dariya suka koma ce masa Alhaji.

Sai aka fara cira. Faruq ya faɗi a gidan man yana lafiya lau, bai tashi ba. Atikatu ta wayi gari tana sa hannu a jikin bango da gawayi, daga zaure har kicin, har yau ba ta san sunanta ba. Mma ta fara ramewa, asibiti suka ce ba su ga komai ba. Tana kwance tana cewa, "Zuberu, Allah ya ƙara buɗi." Shi kuma ya ce amin!

Bayan mun binne ta motocin suka ƙone, gidan man ya rufe. Ya ruga Salaga.

"Baba, na zo a tsayar da cekin."

"Ana tsayar da cek kafin a biya. Kai an biya ka, ka ci. Saura wa a asusun?"

"Ni kaɗai."

"To ka kawo wani suna, ko a cira daga naka."

Ku masu kwaɗayi, ku ji. Duk kuɗin da ya shigo hannunku daga asusun wani ya fito. Wanda ya sa hannu a farar takarda ya sayar da gidansu, kuma ba shi ake fara ɗauka ba.

Ɗazu da hantsi ya kira ni, murya a sanyaye. "'Yata, ai kin girma. Ɗauko katinki na shaidar ɗan ƙasa mu je banki, in sa ki cikin abin da uwarki ta bari."

Na ce, "To Kawu, bari in sa hijabi."

Yana zaure yana jira. Katin yana cikin jakata, takalmana a hannu, ƙofar baya ta garken awaki kuma ba ta yin ƙara. Motar Yendi ba ta cika ba tukuna, can dangin babana suke. Ku yafe kurakuraina, na tafi.