Ruɓaɓɓen Lemo Ta Zo Nema

Ranar da suka fara haɗuwa, ruɓaɓɓen lemo ta zo nema. Dogo, ɗan mai siton lemon da ta je, ya dubi farar rigar aikinta ya ce, "Kowa mai kyau yake nema, ke kuma ruɓaɓɓe?"

Ta yi masa bayani cikin jin kunya. A ɗakin gwaje-gwajensu tana rainon wata funfuna da ta samo a cikin ƙasa. Ruwan da funfunar take fitarwa yana kashe koriyar funfunar nan da ke cinye lemo bayan an tsinko shi. Ya cika mata leda, ya karɓi lambarta. Tun daga ranar ta zama Malamarsa.

Da maganar aure ta taso, mahaifinsa ya ƙi. "Mai kiwon funfuna za ka kawo mini gida?" Shi 'yar abokinsa mai sayar da maganin feshi yake so ya aura. Da ƙyar Dogo ya shawo kansa, tsohon ya ba ta 'yan kwandunan lemo a kusurwar sito ta gwada maganinta.

Ta fesa, ta koma gida, abinci ya daina shiga. A kwalba maganin yana aiki, amma sito ga zafi ga danshi. Ta rubuta masa: "Dogona, idan lemon ya ruɓe fa?"

"Ni ba lemo zan aura ba, Malamata. Ki ci abinci."

Sai kuma ta ji an ga 'yar mai feshin a gidan su Dogo. Ta kasa tambayarsa.

Ranar dubawa ta zo. Lemon sama fes. Tsohon ya gyaɗa kai zai wuce, ita kuwa ta san a ƙasan kwando ɓarna take ɓuya. Ta juye shi da kanta. Wasu sun yi laushi, funfuna ta kama su.

"Baba, ya rage ɓarnar, amma da sauran aiki," ta ce, muryarta a ƙasa.

Dogo ya runtse ido. Tsohon ya daɗe yana kallonta.

"Duk masu kawo mini magani, ba wanda ya taɓa juye mini kwando," ya ce. "Je ki gaya wa mahaifinki muna nan tafe."

Ranar ɗaurin aure tsohon ne ya fi kowa daɗewa yana addu'a, Allah ya ba su zaman lafiya, ya sa albarka a gidansu da aikinta. Tana ɗaki tana share hawaye saƙon Dogo ya shigo: "An ɗaura, amaryata."